Filashin Ɗin Inna Bayan Asuba

A shekarun da nake koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Ƙanƙara, akwai kalma guda da ba ta taɓa wucewa a aji ba a yi dariya ba. Ita ce wadda mu nan muke ce wa filashin. In na rubuta ta a allo, na ce ma'anarta ta asali ita ce haske ya ɓullo farat ɗaya ya ɓace, irin na walƙiya ko fitilar mai hoto, sai in ga 'yan matan suna kallon juna suna ƙunshe dariya. Wata mai baki za ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai filashin shi ne a kira mutum a katse kafin ya ɗauka." Wata ta ce in mace ta leƙa gidan biki ta gaisa ta fice ko zama ba ta yi ba, filashin ta yi. Wata kuma ta ce in yarinya ta yi sabon ɗinki tana ta giftawa ta gaban mutane don a gani, shi ma sunansa ke nan. Nakan ɗaure fuska in ce duk na ji, amma ranar jarrabawa duk wadda ta kawo mini ma'anar titi ta kuka da kanta. Ba su san cewa wayata tana cikin jaka ba, kuma a duk ajin babu wadda ta dogara da ma'anar titin nan kamar ni.

Mahaifiyata, Inna, tana zaune a ƙauyenmu, tsakanin Faskari da Daudawa, a gidan da aka kai ta tana amarya. Baba ya daɗe da rasuwa. Mu biyu muka rage mata, ni da Yaya, babban ɗanta, wanda ke sayar da hatsi a kasuwar Ƙanƙara. Da zaman ƙauye ya fara lalacewa, mutanen daji masu satar mutane suka matsa, gidaje suka riƙa zama kango ɗaya bayan ɗaya, Yaya ya ce lallai Inna ta dawo wajenmu. Ya gyara mata ɗaki, ya sa aka yi mata siminti, har labule ya rataya. Inna ta ce a gaishe da labulen. Ta ce ita ba kayan gado ba ce da za a ɗauke ta a jingine a lungun wani, kuma duk wanda ya matsa mata, ta bar shi da Allah.

An daɗe ana ja. Yaya mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, Inna kuwa mai zafin magana da taurin kai, ni kuma a tsakiya na gado zafin ban gado haƙurin kowa ba. A ƙarshe aka yi sulhu a kan sharaɗi guda. Inna za ta zauna a gidanta muddin kowace safiya, bayan ta idar da sallar asuba, za ta yi mini filashin, alamar an kwana lafiya kuma tana cikin hankalinta. Ranar da abin ya tsaya, ta amince a zo da mota. Ta amince ɗin ne a gaban liman, don haka magana ta ɗauru.

Inna ba ta karatun boko, lambobi kuwa duk ɗaya suke a idonta. Sai na saya mata ƙaramar waya mai madannai, na kira lambata da ita, na nuna mata dabara: ta danna kore sau biyu, wayar da kanta za ta nemi lambar da aka kira ta ƙarshe, wato tawa. In ta ji ta shiga, ta danna ja. Na tambaye ta ta yaya za ta san lokacin katsewa, ta ce kada in koya mata abin da ta sani. Ashe salatin Annabi take yi sau ɗaya, tana kaiwa ƙarshe ta katse. Doka kuma ita ce ba a ɗauka. Wata safiya maigidana ya ɗauka cikin magagi, yana cewa "Inna, ina kwana," sai ya ji ta ce, "Wa ya aike ka? Ka cinye mani kati a banza." Ta kashe. Har yau in ya tuna sai ya girgiza kai.

Ba zan iya faɗin yadda na so wannan ɗan haske ba. Nakan idar da salla in zauna a kan darduma, ɗakin da sauran duhu, wayar tana gefen gwiwata. Zakarun unguwa suna ta cara, wani yana jan guga a rijiyar maƙwabta. Can sai fuskar wayar ta kawo haske, ta ɗan yi kuka, ta mutu. A cikin wannan ɗan lokacin nakan ga gidanmu gaba ɗaya. Ina ganin Inna a bakin ƙofar ɗakinta da carbi a wuyan hannu, da randar da ke ƙarƙashin bishiyar lemo, da raɓa a kan dangar kara. Nakan ji ƙamshin ɗumame a kan garwashi. Har duwatsun nan na wajen Faskari nakan hango, waɗanda da safe suke yin shuɗi-shuɗi sai ka ce ba a ƙasa suke ba. Daga nan sai in tashi in ɗora ruwan kunu da ƙarfina.

Har karatun filashin ɗin na iya, ko dai na ɗauka na iya. In ya yi tsawo, na san Inna ta ja salatin ne cikin nishaɗi. In ya zo a gajarce, ƙafar nan ce ta tashi, ko wani ya ɓata mata rai. In ya makara, an yi ruwa da asuba ta tsaya tara a baho. Da rana in na kira ta na faɗa mata abin da na karanta, sai ta ce, "Malama ta koma duba." Amma ba ta cika ƙaryata ni ba.

Haka muka ci damina biyu. Sai a wata kaka, lokacin da ake karyar masara, na zauna a kan darduma har gari ya waye tangararan, wayar ba ta motsa ba. Na duba ko caji ne, na duba ko sabis ne, duk lafiya. Na kira ta. Ta ɗauka da muryarta garau, tana korar kaji.

Na ce, "Inna, lafiya? Yau ba ki yi mini filashin ba."

Ta ce, "Ni? Na yi hilashin tun kahin liman ya hito masallaci. Ki dai duba wayarki."

Na ce wataƙila sabis ne ya haɗiye. Washegari ma shiru. Na sake kira, ta sake rantsuwa ta yi. Haka aka yi ta yi. Na ce ta ba wani ya duba mata wayar, ta ce wato so nake gari duka ya ji cewa ta kasa danna abu biyu. Da ma daga ita sai mai caji ke taɓa wayar, shi ma a ƙulle cikin ƙyalle take miƙa masa, ta tsaya a kansa har ya soka. Na so in rufe maganar, amma Yaya yakan tsaya a ƙofar gidana kowace safiya a kan hanyarsa ta kasuwa ya ce, "Ta yi?" Ni kuwa fuskata ba ta iya ƙarya.

Yaya bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan benci ya fara lissafo abubuwa a hankali. Ya ce da ya je da salla, Inna ta kira 'yarsa da sunan wata ƙanwar Inna da ta rasu. Ya ce ta nemi carbinta alhali yana wuyanta. Ya ce haka kakarmu ta fara, tana rantsuwa ta ci abinci ba ta ci ba, har ranar da aka tsince ta a hanyar rafi ba ta san gida ba. Ya ce, "Mutumin da bai san ya yi abu ko bai yi ba, ranar da aka ce a gudu, ina zai nufa?" Na tashi da masifa na ce kowa yana neman carbi, ni ma jiya na nemi tabarau yana kan hancina. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce da zarar an kai masararta rumbu, zai tura mota, kuma liman shaida ne.

Tsoro ya shige ni, iri biyu. Ina tsoron a ciro Inna daga gidanta ta zo ta zauna bayan labule tana kallon bango, don na san ba za ta daɗe ba. Ina kuma tsoron Yaya ya yi gaskiya. A aji sai in tsaya da alli a hannu, in manta jimlar da na fara. Da yamma in hadarin ƙarshen damina ya taso can yamma yana walƙiya ba tsawa, sai in tsaya a tsakar gida ina kallo, ina cewa a raina yanzu haka a kan rufinmu yake.

Ranar wata Juma'a na ce wa maigidana zan je in gani da idona. Ya ce hanya fa. Na ce hanyar ce dai kowa ke bi. Na shiga mota bayan an sauko masallaci. A hanyar ba a cika hira ba. Kowa ido yake zubawa a kan motar da ke tahowa, in direbanta ya haska fitila sau ɗaya, to gaba lafiya, sai ka ji an saki numfashi, wata ta buɗe ƙullin gyaɗa. Gonaki suna ta wucewa, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa fari-fari. Na yi gyangyaɗi na yi mafarkin ina yarinya, Inna tana tafe a gabana da ƙwarya a ka, ina ta sauri ban cim mata ba.

Na same ta tana ɓarar masara a tabarma. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "An turo mai binciken mahaukata." Na ce gaisuwa na zo. Ta ce, "To gaishe ni, ki ɗauki wancan buhun." Na zuba mata ido yinin nan duka. Ba ta zuba gishiri a kunu ba, ba ta manta sunan kowa ba, har ta tuna mini da kwanon da na ara ban mayar ba tun haihuwar ɗana na biyu.

Da asuba muka yi salla tare. Gari ya yi sanyi mai daɗi, hazon raɓa ya kwanta a kan gonakin bayan gida. Ta zauna a bakin ƙofa, daidai inda nake ganinta a raina, ta kwance ƙyallen, ta fito da wayar. Na ajiye tawa a tsakaninmu. Ta danna kore sau biyu, ta kai kunne, leɓɓanta suna motsi. Ta kai ƙarshen salati ta danna ja. Ta dube ni ta ce, "To? Mi kika gani?"

Tawa wayar ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na karɓi tata na duba, sai ga wata lamba a sama da tawa, wadda ban taɓa gani ba. Dariya ta kama ni har da hawaye. Na ce, "Inna, ƙalau kike! Wani kike ta yi wa filashin. Wa kika ba wayarki ya yi kira?"

Ta ce ba ta ba kowa ba. Sai kuma ta tuna. Ta ce, "Af. Bawan Allahn nan."

Ashe a farkon karyar masara wasu 'yan ƙwadago sun zo daga wajen Sabuwa. A cikinsu akwai wani magidanci, furfura ta fara fito masa a gemu, wanda ya yi mata aiki yini guda. Ta ba shi tuwo ya ci a zaure. Da zai tafi ya roƙe ta aron waya ya gaida tsohuwarsa, don tasa ta faɗa ruwa. Inna ta ce ya yi sauri, kati ba yawa. Tana tsaye a kansa ya kira, ta ji ya ce, "Ni ne, lahiya nike, ina wajen Faskari. Kada ki kira, ni zan neme ki." Ya miƙo mata wayar ya yi godiya. Washegari suka wuce neman aiki can gonakin bakin daji, wajen Ruwan Godiya. Ba ta sake jin labarinsu ba.

Ni murna ta cika mini ciki, ina ta ƙulla irin maganar da zan yaɓa wa Yaya. Na ce bari mu kira mai lambar mu ba da haƙuri, an yi ta tashinsa da asuba. Ban tsaya tunani ba, na danna a wayar Inna, na buɗe muryar wayar yadda ita ma za ta ji. Wannan karon ba wanda ya katse. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. Aka ɗauka.

Muryar tsohuwa ce. Ko sallama ba ta yi ba. "Kai ne? Ɗan nan, kai ne? Yi magana in ji."

Tsohuwar ta ci gaba, maganar tana tuntuɓe da juna. Ta ce tana gani kullum, kowace asuba tana gani. Ta ce abokan tafiyarsa sun dawo sun ce an tare su a gona an shiga da shi daji, mutane har sun fara zuwa yi mata jaje, ita kuwa ta ce musu ɗanta yana nan da ransa, ga shi yana yi mata alama. Ta ce ba ta kira ba ko sau ɗaya, yadda ya ce, don kada wayar ta yi ƙara a inda yake ɓoye ta a ji. Ta ce tun kafin kiran salla take zama da wayar a tafin hannu, ba ta ko tashi kama ruwa sai ta gani.

Na dubi Inna. Na yi mata alama da hannu cewa in kashe. A raina na ce a bar baiwar Allah da abin da take riƙe da shi, a ci gaba da yi mata, wa zai sani? Inna ta girgiza kai. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta riƙe ta da hannu biyu.

Ta ce, "Salamu alaikum, 'yar'uwa. Ki yi haƙuri, ba shi ba ne. Ni ce, wata tsohuwa irinki a ƙasar Faskari. Wayata ya ara ranar nan. Ni ce nike ta dannawa, ina cewa ɗiyata nike kira. Wallahi ban sani ba."

Na ɗauka layin ya yanke. Kurciya tana kuka a kan lemo. Can muka ji numfashinta.

Inna ta ce, "Na gan shi da idona. Ya ci tuwo a zaurena, ya cinye tas, ya sha ruwa. Mutum ne mai ladabi. Da ya gama aiki sai da ya gyara mani danga ban sa shi ba. Abin da na sani ke nan, ba zan ƙara maki da abin da ban sani ba."

Tsohuwar ta ce, "Ya ci da yawa?"

Inna ta ce, "Malmala biyu."

Ta ce, "Haka yake." Sai ta yi kuka, ba mai ƙara ba. Inna ba ta ce ta yi shiru ba, ba ta kuma tuna da kati ba. Da ta lafa suka yi addu'a tare, ɗaya tana yi ɗaya tana amin. Kafin su rabu tsohuwar ta ce, "Hajiya, in ba damuwa, kada ki daina. Na san ke ce yanzu. Amma na saba." Inna ta ce in Allah ya yarda ba za ta daina ba.

Rana ta fito ta kori raɓar. Ni na rasa inda zan sa murnata, ga hujja a hannuna, Inna ta ci shari'a, ba mai sake ce mata ta ruɗe. Na ce a hankali, "Zan kira Yaya in gaya masa. Ba inda za ki. Zan sayo miki wata wayar, ɗaya tawa, ɗaya tata."

Tana ta juya wayar a hannunta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke ma haka kike zama?"

Na ce, "Wane irin zama?"

"Da waya a hannu. Tun kahin kiran salla."

Na so in yi wasa in ce ni barcina nake sha. Na fasa. Na ce, "Haka nake zama, Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

"Shi ma wancan?" Ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne.

Na ce, "Shi a ƙofar gidana yake tsayawa. Ba ya buɗe rumfa sai ya ji."

Ta daɗe tana kallon tsakar gidan, daga randa zuwa rumbu, daga rumbu zuwa ƙofar ɗakin Baba da ke rufe. Ni dai ban taɓa ganin ta kalli wani abu a hankali haka ba. Sannan ta naɗe wayar a ƙyallenta, ta ƙulle, ta dafa bango ta miƙe.

Ta ce, "Kira shi. Ki hwaɗa mashi hankalina ƙalau yake, ya ji da kyau, ki maimaita mashi. In ya ji, ki ce ya turo motar."